Tambayoyinku: Gem Takwas ɗin da Suka Rage a Jerina

Wasiƙu huɗu na ɗauko a wannan fitowar, dukansu a kan gem. Ta farko ta ci wuri fiye da sauran, don ta taɓo abin da ni ma na daɗe ina juyawa a raina.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 39, ina koyarwa a wata sakandare. Kwanakin baya na zauna na rubuta gem goma da na fi so a rayuwata. Da ƙanena ya gani sai ya ce babu wanda zai iya bugawa na minti biyar a cikinsu, wai ba gem ɗin nake so ba, ƙuruciyata nake kewa, kuma kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Maganar ta tsaya mini a rai. Gaskiyarsa ce? Kai kuma waɗanne ne naka?
Daga wani malamin makaranta, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙanenka ya faɗi gaskiya a kan waɗansu, ya zalunci waɗansu. Hanyar rarrabe su ɗaya ce: ka koma ka sake buga su ɗaya bayan ɗaya, yanzu da girmanka da iyalinka. Ni na yi hakan. Jerina goma ne da can kamar naka, da na gama gwajin sai ya koma takwas, kuma ban cike gurbin biyun ba har yau.

Na ɗaya bai taɓa motsawa daga wurinsa ba: Winning Eleven na PlayStation ta farko, wanda kamfanin Konami na Japan ya yi. A Tudun Wadar Kaduna na tashi. A bayan layinmu akwai wani shago mai benci biyu da talabijin uku, dokarsa kuwa wanda aka ci shi ke biya, ya kuma miƙa hannun gem ga na bayansa. Faifan na Japan ne, rubutun ciki duk Japananci, mai sharhin ma da Japananci yake kwarara ihu. Ba wanda ya iya karanta harafi ɗaya a cikinmu, amma mun haddace wurin komai da ido, har ƙaramin yaro ya san layin da zai sauka ya canza ɗan wasa ko ya gyara tsarin tsayuwa. Abin da ya mai da wasan namu shi ne Tijjani Babangida. Haifaffen Kaduna ne, yana Ajax a lokacin, yana cikin waɗanda suka ciyo zinare a Atlanta a 1996, shi ya ci mana ƙwallo ɗaya tilo ranar da Denmak ta fitar da mu a Faransa a 1998, shi kuma ya zura wa Afirka ta Kudu biyu a Legas a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka na 2000. Sai ga shi waɗansu mutane a Japan, waɗanda ba su san ƙofar gidan kowa a Kaduna ba, sun sa makin gudunsa a ƙololuwa. Ka danna maɓallin alwatika ka jefa masa ƙwallo ta gefen dama, ka riƙe R1, to sai dai mai tsaron baya ya bi shi da kallo. Idan ka ɗauki Nijeriya, abokin karawarka zai ruga ya ɗauki Barazil ya ɗauko Roberto Carlos daga baya ya kai shi gaba, don shi kaɗai ake gani zai iya rama maka.

Da na sake kunna shi, fuskokin 'yan wasan kamar an sassaƙa su da gatari, wannan kam ƙanenka bai yi ƙarya ba. Amma minti uku da farawa na manta da fuska. Ƙwallon tana da nauyi. Idan ka yi gaggawar sakin fas ɗin alwatika mai tsaron baya ya tare, idan ka yi jinkiri ɗan wasanka ya yi satar gida. Tsakanin biyun akwai ɗan lokaci kamar ƙiftawar ido, kuma ba ka samunsa sai ka karanci mutumin da ke zaune kusa da kai a benci, ka san yaushe yake ruɗewa, yaushe yake fito da mai tsaron gida. Wannan bai tsufa ba ko kaɗan. Ɗan'uwansa Pro Evolution Soccer 6 na 2006 shi ma yana jerin, ba don Adriano na Inter Milan mai ƙarfin shot 99 ba, wanda kowa ke ambata, sai don Master League. Za a ba ka ƙungiyar 'yan wasan da babu su a duniya, su Castolo da Minanda, marasa gudu marasa ƙarfi, ka fara da su daga ƙaramin rukuni kana tara maki kana sayen mutum ɗaiɗai. Na yi kaka huɗu ban sayar da Castolo ba, duk da na samu waɗanda suka fi shi, don da shi muka sha wuya.

Na biyu a zuciyata shi ne wasan tankoki. Sunansa na asali Battle City, Namco ta fitar da shi a 1985, amma mu a kaset ɗin nan mai ruwan ɗorawa muka san shi, wanda aka rubuta wa dubban gem a jiki alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. A ƙasan allo akwai mikiya da aka kewaye da jan bulo, tankokin abokan gaba 20 suna saukowa daga sama a kowane mataki, harsashi ɗaya ya sami mikiyar an gama, ko da kana da sauran rai. Da Yayata nake buga shi. Ita ba ta zuwa shagon gem, ba a ma taɓa tunanin hakan ba, saboda haka a tsakar ɗakin Umma muke yi bayan an dawo daga Islamiyya. Ni nakan ruga sama neman tauraro don tankata ta ƙara ƙarfi, ita ta tsaya ƙasa tana gadin mikiya, tana kiran sunana in ta ga shebur ya fito, don shebur ne ke mai da bulon ya zama ƙarfe na ɗan lokaci. In harsashina ya same ta bisa kuskure sai tankarta ta sandare, ba gaba ba baya, ta juyo ta harare ni. Ban taɓa ganin gem ɗin da ya koya wa mutum biyu raba aiki da sauƙi irin wannan ba, ba tare da an rubuta ko kalma ɗaya ta bayani ba. Yanzu tana aure a Gombe da 'ya'ya biyar. Da ta zo sallar bara na kunna mana, ba ta ce komai ba ta ja tankarta ta koma gefen mikiya.

Super Mario Bros na 1985 kuwa sai da na girma na san darajarsa. Ka lura da matakin farko. Mario na tsaye a hagu, fili na dama, ba wanda ya ce maka ka tafi amma ka san inda za ka. Wani ɗan abu ya nufo ka, in ka tsaya ya kashe ka, dole ka koyi tsalle. Ka buga akwati da ka, lemar kwaɗi ta fito ta gangara, ta bugi bututu ta dawo kanka ta yadda da wuya ka kauce mata, sai ka ga ka ƙara girma, ka gane ashe wannan ba abokin gaba ba ne. Shigeru Miyamoto da mutanensa na Nintendo da gangan suka jera abin haka, kuma kai da kake malami za ka fi ni ganin gwanintar: darasi ne cikakke da ɗalibi bai san ana koya masa ba. Duka wasan, matakai 32, bai wuce kilobait 40 ba, hoto ɗaya a wayarka ya ninka shi sau da yawa. Saboda ƙarancin wuri, gajimaren sama da ciyawar ƙasa zane ɗaya ne aka canza wa launi.

Prince of Persia a kwamfutar ofishin Kawuna na san shi, ranakun Asabar in ya tafi da ni. Jordan Mechner ya yi shi a 1989. Ƙanensa ya ɗauka a bidiyo yana gudu yana tsalle, sannan ya bi hotunan yana zanawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa tafiyar yaron cikin wasan take kamar ta mutum, har in ya zo tsayawa sai ya ɗan zame. Waziri ya ba gimbiya awa ɗaya ta aure shi ko ta mutu, kai ma minti 60 gare ka na gaske. Ka mutu sau nawa ka ga dama za a dawo da kai, amma agogo ba ya komawa baya. Har yau in na zo bakin ramin nan mai tsinin ƙarfe sai na ji tafin hannuna ya jiƙe.

Tetris da Snake ba sa buƙatar dogon bayani. Tetris wani injiniya ne, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, siffofi bakwai kacal, kowace da murabba'i huɗu. Mu a 'yar na'urar hannun nan mai batir biyu muka same shi, kuma a gidanmu Umma ce gwanar, bayan isha'i take karɓa ta ce a ba ta ta gani. A Disambar 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a Amurka ya buga na Nintendo har na'urar ta kasa ci gaba da lissafi ta tsaya cak, kusan shekara 40 bayan ƙirƙirarsa. Ka gaya wa ƙanenka wannan, ai sa'an ƙanensa ne ma. Snake II kuma na Nokia 3310 ne, wadda ta fito a 2000, shekara guda kafin wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001. Da 2 da 4 da 6 da 8 ake juya macijin, kuma shi ne gem na farko da na ga dattawa na bugawa a bainar jama'a ba kunya. Na takwas ɗin zan ambace shi a amsa ta uku.

Wanda ya fita daga jerin, kuma fitarsa ta yi mini ciwo, shi ne Mortal Kombat na farko, na 1992. A Sega muke buga shi, muna danna A, B, A, C, A, B, B a farko don jini ya fito. Akwai wani ɗan ajinmu mai takarda da ya rubuta yadda ake ƙarasa abokin faɗa da kowane ɗan wasa, sai ka saya masa rake ko gyaɗa ya bari ka kwafa. Da na sake bugawa sai na tarar 'yan faɗan bakwai duk naushinsu da shurinsu kusan iri ɗaya ne, bambancin kawai ƙanƙarar Sub-Zero da mashin Scorpion da makamantansu. Street Fighter II da ya girme shi da shekara ɗaya ya fi shi zurfi nesa ba kusa ba, don a can kowane ɗan faɗa da nauyinsa da tsawon hannunsa. Ashe takardar nan nake so, da raken, da taron yara a bayan aji. A kan wannan ƙanenka ya yi gaskiya ɗari bisa ɗari, kuma ina zaton za ka sami irinsa biyu ko uku a naka jerin.

In ka gama naka gwajin, ka nemi wasan tankokin nan ka zaunar da shi, ka ba shi gadin mikiya kai ka hau sama. Ka duba agogo lokacin da kuka fara.

TAMBAYA: Malam, ɗana ɗan shekara 11 ya dame ni in sa masa GTA San Andreas a wayata, wai duk abokansa suna da shi, wai tuƙin mota ne kawai. Ban san komai a kan gem ba. In sa masa?
Daga wata uwa, Kano

AMSA: Hajiya, kada ki sa masa. Akwai tuƙin mota a ciki, bai yi ƙarya ba, amma motar ta sata ce. Wasan ya fito a 2004, labarin wani matashi ne da ya koma unguwarsu a wani birni da aka kwaikwayi Los Anjalas, ya shiga rikicin 'yan daba. Akwai kisa, da miyagun ƙwayoyi, da karuwai, da ashar tun daga farko har ƙarshe. Masu shi ma ba su ce na yara ba ne.

Ga abin da zai taimake ki ko ba ki san gem ba. Kowane wasa yana da alamar shekaru. A Turai lamba ake sawa: 3, 7, 12, 16 ko 18. A Amurka harafi ne, M na nufin daga shekara 17. Wannan tsarin na Amurka an kafa shi a 1994, bayan Majalisar Dattawansu ta yi zama a kan jinin da ke cikin Mortal Kombat ɗin da na ambata a sama. San Andreas 18 ne a Turai. In kin buɗe Play Store za ki ga alamar a ƙarƙashin sunan kowane wasa, kuma akwai manhajar Google mai suna Family Link da za ki iya hana wayar sauke abin da ya wuce shekarunsa, ki kuma ƙayyade masa lokaci. Ki sa masa eFootball ko Minecraft, na biyun gine-gine ne, yaro zai yini yana tsara gida da gona. Ki kula da sayayyar cikin wasa, kada katinki na banki ya zauna a wayar.

San Andreas ɗin nan shi ne na biyun da ya fita daga jerina. Ba don ba a iya yin sa ba, an iya ƙwarai: birane uku da ƙauyuka da hamada a faifai ɗaya na PlayStation 2, ba a taɓa ganin irinsa ba a lokacin, kuma na ba shi watanni ina saurayi. Amma ranar da na sake kunna shi, ɗana ya shigo falo, sai na ga hannuna ya kai ga rimot na rage murya, daga baya na kashe gaba ɗaya. Ban ga yadda zan rubuta shi cikin abin da na fi so ba alhali ina ɓoye shi daga 'ya'yana.

TAMBAYA: Yaya, wai akwai gem ɗin da aka sa Hausawa a ciki, ko sai dai mu yi ta buga labarin wasu?
Daga wani ɗalibi, Damagaram

AMSA: Akwai, ƙanena, kuma shi ne na takwas a jerina, shi kaɗai ne na sa bayan na yi aure. Age of Empires III wasan kwamfuta ne na gina gari da tara runduna. A Agustan 2021 aka ƙara masa wani sashe mai suna The African Royals, aka shigo da al'ummomi biyu, Habashawa da Hausawa. Birnin da kake dogara da shi Kano ne, jagorar kuwa Sarauniya Amina. Cikin mayaƙanka akwai barade masu lifidi, da sunan lifidin nan namu aka bar su, akwai maharban Fulani, akwai Maigadi, akwai maroƙa, kuma shanu na cikin dukiyarka. Daren da na fara bugawa na danna kan wani talaka mai aikin gona ya amsa mini da Hausa. Na ajiye linzamin kwamfutar na kira uwargida ta zo ta ji. Shekara ashirin da wani abu ina jin Japananci da Ingilishi daga cikin allo.

Ina da ƙorafi a kansa, ba zan ɓoye ba. Amina ta Zazzau ce, Kano ba ta taɓa zama fadarta ba, kuma Kano da Katsina da Gobir da Zazzau kowace da sarkinta, sun sha gwabzawa da juna ma. Wasan ya dunƙule su wuri ɗaya don sauƙin kansa. Yaron da bai karanta tarihi ba zai tashi da wannan a ka. Duk da haka na fi son a yi a gyara da a ce ba a yi ba. Civilization VII da ya fito a Fabrairun 2025 shi ma ya sa Amina cikin shugabannin da ake zaɓa, a can kuwa da sunan Zazzau aka kira ta. Abin da nake jira shi ne ranar da wani irinka zai zauna ya yi namu da hannunsa: fatake daga Kano zuwa Agadas, ko zuwa Gwanja neman goro, da jakuna da madugu da 'yan fashin hanya. Manhajojin yin gem irin su Godot kyauta ne, kuma ba sa buƙatar babbar kwamfuta.

TAMBAYA: Na sayo tsohon gem mai kaset don yarana su ga abin da muka buga. Komai na yi, amma bindigar harbin agwagwa ta ƙi ci ko sau ɗaya. Ta lalace ne?
Daga wani mai shago, Jos

AMSA: Da wuya in ta lalace, Alhaji, talabijin ɗinka ce. Bindigar Duck Hunt ba ta harba komai, ido ne a bakinta mai ganin haske. In ka ja kunama, allon kan yi baƙi na ɗan lokacin da ido ba ya kamawa sosai, sannan farin akwati ya bayyana daidai inda agwagwar take. In bindigar ta ga baƙi sannan ta ga fari a daidai wannan lokacin, an ci. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana nuna hoto nan take, ta bango kuwa sai ta ɗan sarrafa shi tukuna, kuma wannan ɗan jinkirin ya isa ya sa bindigar ta duba ba ta ga komai ba. Ka leƙa wurin masu gyaran talabijin, ba ka rasa mai inci 14 da mai ita ya bari. Ka tabbata tana da ramin waya mai ruwan ɗorawa da fari a baya, ka rage hasken ɗakin, kada kuma yaran su manna bakin bindigar a jikin gilashi, su ja baya kamar taku uku.